Lafiyar Dam Ta Bayansa Ake Ganewa

Ina so in ba ku labarin wani darasi da na koya a dogon hutun da ya wuce, wanda ba a cikin aji na koye shi ba.

Ni mutumin Chikaji ne, a Sabon Garin Zariya, amma kusan kowane dogon hutu a ƙauyen kakata nake ƙarasa shi, wadda ta haifi mahaifiyata. Ƙauyen yana can gaba da Samaru, in ka sauka daga mota sai ka hau babur ko ka taɓa 'yar tafiya a ƙasa. Gaskiya ba zumunci kaɗai ke kai ni ba, akwai wani ɗan dam a gefen garin. Tun kafin a haife ni aka yi shi, don shanu su sha da rani, masu lambu kuma su sami na ban ruwa. Mu yara kuwa wurin wasa muka ɗauke shi. A nan na koyi iyo, a nan na fara jefa fatsa na kama karfasa. Ran salla har daga Samaru samari ke zuwa a kan kekuna da babura, su shimfiɗa tabarma a bakin ruwa, su sha rake, su ɗauki hoto. Shekara da shekaru ina zuwa, kullum fuskata tana wajen ruwa. Ban taɓa juyawa na dubi bayan ganuwar da ta tare ruwan ba, balle in lura cewa gidan kakata yana can ƙasa da ita, a cikin kwari.

Abin da ya fara sa ni tunani shi ne damunar 2024. A wannan shekara ruwan sama ya yi ambaliya a unguwarmu ta Chikaji, ya rusa gidaje da dama. Ba a daɗe ba, ran 10 ga Satumba, sai ga labarin dam ɗin Alau ya ɓalle, ruwa ya shanye babban ɓangare na birnin Maiduguri da dare, mutane suna barci. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi shekaru yana aikin madatsun ruwa kafin ya yi ritaya, duk unguwa Baba Injiniya muke ce masa. Na same shi a ƙofar gida bayan la'asar, na gaishe shi, na ce, "Baba, wai ɗan dam irin na ƙauye shi ma yana iya ɓallewa?" Bai amsa mini ba, sai ya jero mini tambayoyi uku. Ya ce, "Ɗana, in ya cika ta ina ruwan ke fita? Mene ne ya tsiro a bayan ganuwar? Gida nawa ne a ƙasansa?" Ko ɗaya ban iya amsawa ba. Ya yi dariya ya ce in Allah ya kai mu wani hutun, in biya masa kuɗin mota mu je tare. Haka kuwa aka yi, sai dai shi ya biya mana duka.

Kafin in faɗi abin da muka gani, ya kamata mu san mene ne dam ɗin kansa. Yawancin madatsun ruwa na ƙasarmu ta Arewa ba da kankare aka yi su ba, da ƙasa ne. Haka na Jami'ar Ahmadu Bello yake, wanda aka yi a kan rafin Kubanni a farkon shekarun 1970 don ba Samaru ta jami'a ruwan sha. Haka ma Tiga, wanda gwamnatin Audu Bako ta gina a kan kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, ga shi kuwa tsawonsa ya kai wajen kilomita 6. Ana zuba ƙasa ne kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwa, ana bi da injin daɓe, kamar dai yadda iyayenmu mata ke daɓen ɗaki. A tsakiya akan sa yumɓu mai danƙo don ya hana ruwa ratsawa, a fuskar da ke kallon ruwa a jera duwatsu don kada igiyar ruwa ta ci ƙasar, a baya kuma a bar ciyawa gajera.

Ruwa yana da nauyi fiye da yadda muke zato. Lita 1,000, watau duro biyar, nauyinsu tan ɗaya ne cur. Wani abin mamaki kuma, ƙarfin da ruwa ke tura ganuwa da shi bai danganta da faɗin tafkin ba, da zurfinsa ya danganta. In zurfi ya ninka biyu, turin ninkawa huɗu yake yi. Malaminmu na kimiyya ya taɓa koya mana wannan, na rubuta a littafi don jarrabawa, ban san akwai ranar da zai shafi gidan kakata ba.

Da muka isa, na zaci bakin ruwa za mu nufa. Ina! Baba ya hau kan ganuwa ya juya wa ruwa baya, ya ce in ƙirga masa rufin gidajen da ke cikin kwarin. Na ƙirga goma sha ɗaya, da masallaci, da turken shanu biyu. Ya ce to, wannan ita ce tambaya ta farko wajen auna dam, kuma ba ta da alaƙa da kyansa ko muninsa. Tambayar ita ce, in ya ɓalle, wa zai ci? A Amurka kashi uku ake kasa madatsun ruwa ta wannan hanya. Akwai wanda in ya ɓalle za a rasa rai, akwai wanda dukiya da hanyoyi zai ɓata, akwai kuma wanda gonar mai shi kaɗai zai ci. Sabon dam mai ƙarfi yana iya zama a kashi na farko in akwai gari a ƙasansa, tsoho rusasshe kuma ya zauna a kashi na uku in daji ne a ƙasansa. Amfanin wannan rabo shi ne a san inda za a fi sa ido. Ya ƙara da cewa matsayin dam yana sakewa ko ba a taɓa shi ba. Lokacin da aka gina namu, in ji kakata, gida biyu ne kawai a kwarin. Dam ɗin yana nan yadda yake, amma haɗarinsa ya ƙaru, domin mutane sun matso.

Akwai wata ƙungiya ta duniya ta masana manyan madatsun ruwa, wadda aka kafa a birnin Faris a 1928. A wurinsu babban dam shi ne wanda tsayinsa ya kai mita 15, ko wanda ya wuce mita 5 kuma yana riƙe da ruwa fiye da mita miliyan 3 na murabba'in akwati, watau kowace mita ɗaya lita 1,000. Namu bai kusa ba. To, a nan matsalar take. Manya suna da masu su. Tiga, alal misali, yana hannun hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are, da ma'aikata da littattafan ajiye lissafi. Ƙanana kuwa kowa na amfani da su, ba mai kula da su. Mai kamun kifi yana ganin na masu lambu ne, masu lambu suna ganin na hukuma ne.

Daga nan muka tafi ƙarshen ganuwar ta hannun dama, inda aka yi wata faffaɗar hanya da duwatsu da siminti, ƙasa da saman ganuwar. Wannan ita ce mafitar ruwa. Mu yara wurin zamiya muka mai da ita. Ashe ita ce ran dam ɗin gaba ɗaya. Ganuwar ƙasa tana iya riƙe ruwa shekara hamsin a gabanta, amma ba ta iya jure ruwa yana bi ta kanta ko da na 'yan sa'o'i. Da zarar ya haura, sai ya fara cin bayanta kamar yadda ruwan indararo ke cin gindin katanga, ramin yana faɗaɗa, ruwan yana ƙara ƙarfi, har ta tsage biyu. Don haka dole ne mafita ta isa ta fitar da ruwan sama mafi yawa da ake tsammani, ba na damuna mai sauƙi ba.

Baba ya sa ni lissafi a ƙasa da tsinke. A nan Zariya mukan sami ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa a watan Agusta da kewayensa. A ce dare ɗaya an yi ruwa mai yawa, milimita 100. A kan fili mai kilomita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, wannan ruwa lita miliyan 100 ne, watau cikin tankar mai fiye da 3,000, irin mai ɗaukar lita 33,000. In gonakin da ke zubo wa dam ruwa sun kai irin wannan fili biyar, ƙasa kuma ta riga ta ƙoshi, ko rabin ruwan ne ya gangaro, ku duba abin da zai nemi hanya ta wannan 'yar mafita kafin asuba.

To, ga abin da muka tarar. An jera buhunan yashi a bakin mafitar, hawa biyu, daga wannan gefe zuwa wancan, an kuma kafa raga a kansu don kada kifi ya gudu. Ragar ta tara ciyawa da leda da karan dawa. Ni na san wanda ya jera buhunan, domin da hannuna na taya shi ɗaukar wasu a bara. Kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, shi da sauran masu lambu, don ruwa ya ƙaru ya kai su watan Afrilu. Na yi shiru ban faɗa ba. Baba ya auna da gora, ya ce buhunan sun ɗaga ruwa wajen rabin mita. In zurfin ruwa a jikin ganuwa mita 4 ne ya koma 4 da rabi, turin ya ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan ma bai dame shi ba kamar tazarar da ta ragu tsakanin ruwa da saman ganuwa. Ya kai ni tsakiya, inda shanu ke haurawa kullum har sun yi burtali, wurin ya lotsa ya fi ko'ina gajarta. Ya ce in riƙe wannan: tsayin dam shi ne tsayin wurin da ya fi gajarta a jikinsa, domin ruwa ba ya tambayar inda ya fi tsawo.

Da na koma makaranta na bincika a laburare da intanet, sai na tarar an taɓa yin irin wannan ganganci a wani wuri, abin ya zama bala'i. A jihar Pennsylvania ta Amurka akwai wani tsohon dam na ƙasa mai suna South Fork. Wasu attajirai suka saye shi suka mai da tafkin wurin shaƙatawa da kamun kifi. Suka rage tsayin ganuwar don hanyar da ke kanta ta yi faɗi kekunan doki su wuce, suka kuma sa raga a mafita don kada kifinsu ya tsere. Ran 31 ga Mayu, 1889, bayan ruwan sama mai yawa, ruwa ya haura ganuwar ta fashe, ya sauka a garin Johnstown mai nisan mil 14, ya kashe mutum fiye da 2,200. Lalle wancan ya fi namu girma nesa ba kusa ba, amma da na karanta maganar ragar kifi sai da gabana ya faɗi. Ba ma sai an je Amurka ba. Iyayenmu suna tuna dam ɗin Bagauda da ke kan hanyar Kano, wanda shi ma wurin shaƙatawa ne, har da otal a bakin tafkin, inda yanzu Makarantar Horar da Lauyoyi take. A watan Agusta na 1988 ya ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki.

Yanzu sai bayan ganuwa, inda muka fi daɗewa. Baba ya cire takalmi ya ce ni ma in cire, domin tafin ƙafa ya fi ido gane danshi. Muka bi gindin ganuwar a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan, sa'an nan muka hau tsakiya muka sake dawowa. Ya ce babu dam ɗin ƙasa da ba ya tsattsafo da ruwa, ko na wace ƙasa ne, saboda haka ganin danshi kaɗai ba abin tsoro ba ne. Abin da ake tambaya shi ne, ruwan garau yake fitowa ko da laka? Yana nan yadda yake ko yana ƙaruwa? In garau ne, ratsawa kawai yake yi. In kuwa ya yi jaja-jaja ko ya tara ɗan yashi a bakin inda yake fitowa, to ganuwar yake ɗebowa daga ciki. Kullum yana ɗibar kaɗan, ramin yana ja da baya zuwa wajen tafki, saman ganuwa kuwa lafiya lau kake ganinsa, har ranar da ramin zai haɗu da ruwa. Irin wannan ne ya kayar da dam ɗin Teton a Amurka a 1976, sabo fil, tun ana cika shi karo na farko, kuma ba ruwan sama ake yi ba ranar.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma a jikin dam masu tsaga bangon suna da yawa. Mun ga suri biyu, gara kuwa takan yi hanyoyi masu nisa a cikin ƙasa. Mun ga ramin gafiya. Mun ga itatuwan mangwaro uku da dalbejiya ɗaya sun girma a jikin ganuwar. Ni da nake ganin saiwa tana riƙe ƙasa, kamar yadda aka koya mana a darasin zaizayar ƙasa, sai Baba ya ce wannan a gona ne. A jikin dam saiwa tana bin danshi har cikin yumɓu, ranar da itacen ya mutu ta ruɓe, ta bar wa ruwa bututu. Ya kuma ce ba a tumɓuke babban itace haka kawai, ba a kuma sare shi a bar kututture, sai an rage ruwa, an tono saiwar, an cike ramin an daɓe. Wannan aikin masu sani ne.

A gindin ganuwar, kusa da tsakiya, akwai wani wuri kore shar, inda Kawu ya shuka alayyafo da yakuwa domin wurin ba ya bushewa ko da bazara. Kowa yana cewa albarka ce. Baba ya durƙusa, ya share ciyawa, sai ga ruwa yana ɓulɓulowa kaɗan-kaɗan. Ya tara a kwalba ya ɗaga ta wajen rana, muka jira. Ruwan garau ne, ba abin da ya kwanta a gindin kwalbar. Na yi ajiyar zuciya. Ya yi 'yar hanya da laka ya sa guntun bututu, ya tara gwangwanin madara, ya ce in duba agogo. Ya cika a daƙiƙa 40. Ya ce a manyan madatsu akwai bututun da aka binne a cikin ganuwa don auna hawan ruwa, akwai ma'auni a gindinta, akwai turakun siminti a sama da ake dubawa da na'urar safiyo ko ganuwar ta lotsa. Amma duk aikinsu ɗaya ne da gwangwanin nan: a auna yau, a rubuta, a auna gobe, a gwada. Awo ɗaya ba ya gaya maka kome, sai an jera su. A Ingila tun 1930 doka ta tilasta wannan, dokar da aka sabunta a 1975 kuma a wancan lokacin ta ce duk tafkin da ya wuce lita miliyan 25 sai injiniya na musamman ya duba shi aƙalla sau ɗaya cikin shekara 10.

Akwai maganar laka da yashi da ke cika tafki, wadda ke damun kusan kowane dam a ƙasar nan tamu mai noma har bakin rafi. Ita ce ma ta sa ruwan Kawu ya daina kai shi Afrilu, har ya kai ga jera buhuna. Ba mugunta ce ta sa shi ba, tumatir da albasar nan su ne kuɗin makarantar 'ya'yansa, har ni ma yakan ba ni na sabulu in zan dawo.

Da dare bayan an ci tuwo sai Baba ya ce ni zan yi bayani, tun da ni na kawo shi. Ban taɓa jin nauyin magana irin na ranar ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Kawu, don Allah a gafarce ni, buhunan nan ne Baba ya ce suna da haɗari ga gidan Iya." Kawu ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, dam ɗin da ya girme ka shi za ka koya mini? Shekara nawa muna sa buhu, me ya faru?" Na rasa abin cewa. Iya ce ta cece ni. Ta ce, "Rabu da maigidana ya yi magana. Kai a tudu kake kwana, ni ce a kwari." Kowa ya yi dariya sai Kawu. Baba ya sa baki a hankali, ya ce ba cewa ya yi kada a sa buhu har abada ba, amma wanda zai sa ya jira sai ruwan sama ya ɗauke a watan Oktoba, ya sa hawa ɗaya, ya kwashe kafin ruwan farko. Ko wannan ma, in ji shi, rangwame ne, ba ƙa'ida ba.

Washegari muka je wurin Dagaci. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, abu uku nake roƙo." A kwashe buhuna da raga yanzu, a cike burtalin shanu a sake musu hanya, a kuma sa wanda zai riƙa duba ruwa duk daren da aka yi ruwan sama mai ƙarfi, a gaya wa mutanen kwari tudun da za su nufa in sun ji shela daga masallaci. Maganar suri da itatuwa kuwa ya rubuta takarda da hannunsa don Dagaci ya kai gaba. Aka yi ta muhawara har azahar. A ƙarshe an cire ragar da hawa ɗaya na buhunan, an bar ɗaya, domin masu lambu sun ƙi. An cike burtalin da jar ƙasa ran Asabar, ni ma na yi dakon kwando goma sha biyu. Mangwaron yana nan, takarda kuma ba a sami amsarta ba har na dawo makaranta.

Gwangwanin madara da kwalbar na bar su a hannun ɗan Kawu, wanda yake aji shida a firamare, tare da sabon littafi mai shafi 40 da na saya masa. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci yake zuwa ya auna. Ran ziyarar iyaye da ta wuce mahaifiyata ta kawo mini wasiƙarsa. Ya rubuta cewa makon farko daƙiƙa 40, na biyu 38, na uku 41, na huɗu 40, ruwa garau. A ƙasa ya ƙara da cewa babansa yakan tsaya a bayansa in yana awon, ba ya cewa kome, amma shi ke riƙe masa agogo.